Tarin da Ya Ƙi Jin Magani: Gurbin Ƙwararrun Ma'aikatan Jinya a Kula da Masu Sankarar Huhu a Yankin Kucheri, Jihar Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan aikin ƙwararrun ma'aikatan jinya wajen kula da masu sankarar huhu, ta ɗora bayanin a kan yanayin garin Kucheri da ƙananan hukumomin Tsafe da Gusau da Bunguɗu. Maƙalar ta bi sawun maras lafiya tun daga ranar da tari ya kama shi har zuwa ranar da aka dawo da shi gida, ta nuna cewa a tsakanin zango da zango ne yake ɓacewa. Ta kawo asalin wannan aiki a Ingila da yadda Yuganda ta sarrafa shi daidai da halinta, sannan ta fayyace wurare biyu da aka fi buƙatarsa a Zamfara, wato ɗakin masu tarin fuka da ɗakin maras lafiya a gidansa.

Fitilun Kalmomi: sankarar huhu, jinya, tarin fuka, raɗaɗi, Kucheri

1.0 Gabatarwa

Tari ciwo ne da Bahaushe bai cika ɗauka da nauyi ba. Idan ya zo da hunturu a ce ƙura ce, idan ya zo da damina a ce sanyi ne. Sai ya daɗe, rama ta biyo baya, kaki ya fara fita da jini, sannan a fara zancen tarin fuka. Wannan zato yana da dalili mai ƙarfi, domin Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Sai dai akwai wata cuta da ke sanye da rigar tarin fuka, alamominsu kusan ɗaya, maganinsu kuwa ko kusa bai haɗu ba. Ita ce sankarar huhu.

Ƙididdigar Hukumar Binciken Sankara ta Duniya ta shekarar 2022 ta nuna cewa kimanin mutum miliyan 2.5 ne suka kamu da sankarar huhu a wannan shekara, kimanin miliyan 1.8 kuma suka rasu a dalilinta. Babu wata sankara da ta kai ta kisa a duniya. A Nijeriya, inda ƙididdigar ta kawo kimanin sababbin masu sankara iri-iri 127,000 a shekarar, ta mama da ta mafitsarar maza da ta bakin mahaifa ne ke kan gaba. Amma rajistar sankara tana ƙirga wanda ya isa babban asibiti ne aka tabbatar da cutarsa. Wanda ya rasu a ƙauye da sunan tarin fuka ba ya shiga lissafi.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana aikin wani rukuni na ma'aikatan lafiya da aka samar musamman saboda irin wannan maras lafiya, da kuma duba yadda aikin zai zauna a ƙasar Tsafe da maƙwabtanta.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Hausawa na kiran wannan cuta da sunaye uku: daji da sankara da kansa. Kalmar daji ta fi daɗewa a bakin jama'a, kuma tana ɗauke da wani tsohon imani cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da zarar an taɓa shi sai ya fusata. Za a ga tasirin wannan imani a gaba. Maƙalar ta zaɓi kalmar sankara.

Kalmar majinyaci kuwa tana da fuska biyu, domin akan yi amfani da ita ga wanda ke kwance da kuma wanda ke zaune a kansa. Don kauce wa ruɗani, maƙalar ta kira na farko maras lafiya, na biyu kuma mai jinya. Ma'aikaciyar jinya ita ce wadda jama'a ke kira nas ko malamar asibiti. Ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya kuwa ita ce nas mai rajista da ta ƙara samun horo na musamman a kan wata cuta guda, ta kuma keɓe aikinta ga masu wannan cuta. An yi amfani da sigar mace don sauƙin bayani, amma maza da yawa na wannan aiki a asibitocin Arewa, kuma duk abin da aka faɗa ya haɗa da su.

3.0 Sankarar Huhu da Musabbabanta

Sankarar huhu na farawa ne idan wasu ƙwayoyin halitta na hanyoyin iska suka lalace, suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su zama ƙari. Likitoci sun kasa ta gida biyu. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, wadda ke da saurin yaɗuwa, tana ɗaukar kimanin kashi 15 cikin 100 na masu cutar. Sauran kashi 85 na ɗaya nau'in ne, wanda ya fi tafiya a hankali. Ana kuma auna nisan cutar da matakai huɗu. A mataki na farko ƙarin yana cikin huhu kaɗai, ana iya yanke shi. A mataki na huɗu ya riga ya tsallaka zuwa ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa ko ɗaya huhun. A Ingila, fiye da rabin waɗanda aka gano cutarsu a mataki na farko kan kai shekara biyar a raye, a mataki na huɗu kuwa kimanin 5 ne cikin 100. Wannan tazara ce ta sa kowane wata da aka ɓata yake da tsada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta kimanin kashi 85 cikin 100 na wannan cuta da shan taba, alaƙar da binciken Richard Doll da Bradford Hill ya fito da ita fili a Ingila a 1950. Nijeriya ta kafa dokar taƙaita shan taba a 2015, amma har yanzu kara ɗaya-ɗaya ake sayar da sigari a teburin mai shayi da tashar mota, shisha kuma ta samu shiga a wurin matasa.

Akwai wasu musabbabai da suka shafi Zamfara kai tsaye. Na farko shi ne ƙurar dutse. Tun 1997 Hukumar Binciken Sankara ta Duniya ta sanya ƙurar silika da ake shaƙa a wurin aiki cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu. Annobar gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, ta samo asali ne daga niƙa dutsen zinare a bushe. Hankalin duniya ya tafi ga dalmar da ta kashe yara, amma manyan da suka yi niƙan sun shaƙi ƙurar dutsen, ita kuwa illarta ga huhu takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana. Wannan ƙura tana kuma sauƙaƙa wa tarin fuka kama mutum, abin da ke ƙara cakuɗa cututtukan biyu. Na biyu shi ne hayaƙin itace, wanda hukumar ta sanya cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. Macen da ta shekara talatin a gaban murhu cikin madafa maras taga tana iya kamuwa ko da ba ta taɓa riƙe karan sigari ba. Na uku shi ne hayaƙin injin dizal, wanda aka tabbatar da haɗarinsa a 2012.

4.0 Tafiyar Maras Lafiya daga Kucheri

Kucheri gari ne a ƙaramar hukumar Tsafe, a kan babbar hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Don a fahimci gurbin ƙwararriyar nas, sai a ƙaddara wani manomi ɗan shekara hamsin da biyar a wannan gari, wanda tari ya kama bayan girbi.

Zangonsa na farko kemis ne, inda zai sayi maganin tari da na ƙwayoyin cuta. Zango na biyu mai maganin gargajiya. Idan rama ta tsananta sai a kai shi asibitin garin ko babban asibitin Tsafe, a karɓi kakinsa a gwada. Ko da gwajin bai nuna ƙwayar tarin fuka ba, hoton ƙirji na iya nuna inuwa a huhu, likita ya ga dacewar fara masa maganin tarin fuka. Wannan hukunci ne da ƙa'idar aikin ta yarda da shi, kuma yakan ceci rayuka da yawa. Maganin kyauta ne, ana shan sa wata shida. Amma idan sankara ce a ƙirjin, wata shidan nan ya isa ya kai cutar daga matakin da ake iya yanke ta zuwa matakin da ba a iyawa.

Zango na gaba Gusau ne, ta Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu, inda ake da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Tabbatar da sankara na buƙatar hoton siti sikan da kuma gutsuro ɗan yanki na ƙarin a duba a ɗakin gwaji. Idan magani ya kai ga gashi, sai an fita jihar: ko dai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, fiye da kilomita 200 daga Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ko sabuwar cibiyar da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya na Katsina a 2025.

A kowane zango akwai ma'aikaci da ya yi aikinsa. Abin da babu shi ne mutum guda da ya san labarin daga farko zuwa ƙarshe. Takardar turawa na iya ɓacewa a aljihu, sakamakon gwaji ya fito bayan maras lafiya ya koma ƙauye, kuɗin buhunan masarar da aka sayar su ƙare a mota da masauki. Ga hanyar kanta, wadda matsalar 'yan bindiga ta sa ba a son bin ta da yamma. A irin waɗannan giɓɓa ne maras lafiya ke sulalewa ba wanda ya sani.

5.0 Asalin Aikin da Hujjojin Amfaninsa

A Ingila aka fi raya wannan aiki. Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher a Landan a 1967. A 1975 ƙungiyar Macmillan ta fara ɗaukar nauyin ma'aikatan jinya da suka keɓanta ga masu sankara. Rahoton Calman da Hine na 1995 ya sake fasalin kula da masu sankara ta yadda likitan huhu da likitan fiɗa da likitan gashi da mai duba hoto da mai gwaji za su riƙa zama tare a kan kowane maras lafiya. A wannan zama, ƙwararriyar nas ce ke magana da bakin maras lafiya, domin ita ta san halin gidansa da abin da yake tsoro da abin da yake so.

Bincike ya auna amfanin wannan aiki. A 1999 mujallar likitocin Birtaniya ta buga gwajin da aka yi a kan masu sankarar huhu 119 da ke fama da ƙarancin numfashi. Waɗanda ma'aikatan jinya suka koya wa dabarun numfashi da kwantar da hankali sun fi sauran samun sauƙi. A 2002 mujallar ta buga wani gwajin a kan mutum 203, inda aka kwatanta bibiyar da nas ke jagoranta da bibiyar da aka saba. Waɗanda ke hannun nas sun fi gamsuwa da kulawar, kuma sun fi samun damar cikawa a gidajensu. Ƙididdigar ƙasa da Ingila ke yi a kan sankarar huhu ta sha nuna cewa waɗanda ƙwararriyar nas ta gani sun fi samun maganin cutar nesa ba kusa ba, ko da yake wani ɓangare na bambancin ya zo ne daga waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu tun kafin nas ta iso gare su.

A Amurka kuma, binciken da Jennifer Temel da abokan aikinta suka buga a 2010 a kan mutum 151 da cutarsu ta yaɗu ya nuna cewa waɗanda aka fara wa kulawar sauƙaƙa raɗaɗi da wuri sun fi jin daɗin rayuwa, damuwarsu ta ragu, matsakaicin kwanansu kuma ya kai wata 11.6, na sauran kuwa wata 8.9. Ke nan sauƙaƙa wahala ba ya nufin an sallama maras lafiya.

Misalin da ya fi kusa da halin Zamfara shi ne na Yuganda. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Nijeriya, ta kafa cibiyar Hospice Africa a Kamfala, ta kuma shigo da ruwan mofin mai arha da ake sha ta baki. Da aka ga likitoci ba za su isa ƙauyuka ba, sai gwamnatin ƙasar ta gyara doka a 2004, ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman ikon rubuta mofin. Ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta yi haka.

6.0 Ayyukan Ƙwararriyar Ma'aikaciyar Jinya

6.1 Gano Tarin da Ya Ƙi Jin Magani

Aikinta mafi daraja a yanki irin Tsafe yana farawa ne a ɗakin masu tarin fuka. Mai tarin fuka da ke shan maganinsa daidai yakan fara jin sauƙi cikin makonni kaɗan, zazzaɓi ya sauka, cin abinci ya dawo, nauyi ya fara ƙaruwa. Idan aka kai wata biyu ba a ga haka ba, musamman ga wanda ya haura shekara arba'in, wanda gwajin kakinsa bai nuna ƙwayar cutar ba tun farko, ko mai tarihin taba ko niƙan dutse, to lokacin sake tambaya ya yi. Akwai alamomin da ke ƙara ƙarfafa zato: dishewar murya da ta ƙi wucewa, ciwon kafaɗa ko ƙirji da ke hana barci, kumburin fuska da wuya, kaluluwa mai tauri a saman ƙashin wuya, da kumburin kan yatsu. Nas da ta san waɗannan za ta iya bin rajistar ɗakin duk wata, ta ware sunayen waɗanda ba su murmure ba, ta kai wa likita. Wannan aiki ba ya buƙatar na'ura, sikeli da littafi da ido mai lura sun isa.

6.2 Isar da Labari

A al'adar Hausawa, ba kasafai ake faɗa wa maras lafiya mummunan labari kai tsaye ba. Akan kira babban ɗa ko ƙane a gefe a faɗa masa, shi kuma ya ɓoye don tausayi. Mace kuma kunya na iya hana ta tambayar likita namiji abin da ke ranta. Likita a asibitin da ke cike yana da mintoci kaɗan, nas kuwa tana iya zama. Takan fara da jin abin da maras lafiya ya riga ya fahimta da iyakar abin da yake son sani, sannan ta yi bayani da Hausar da zai gane, ta kuma maimaita a zama na biyu, domin mutum ba ya riƙe abin da ya ji a ranar firgita. Sanin gaskiya yana ba magidanci damar biyan bashi da barin wasiyya da yanke shawara a kan ko a sayar da gona ko a bar wa yara.

A nan ne kuma take fuskantar imanin cewa daji ba ya son ƙarfe. Wannan imani ya samu gindin zama ne saboda yawancin masu sankara sukan isa asibiti a makare, a yi musu allura ko a gutsuri tsoka, su rasu ba da jimawa ba, sai a ɗora wa allurar laifi. Nas ba ta raina masu wannan tunani. Takan nuna musu cewa jinkiri ne ya yi kisan, kuma ba a iya zaɓen magani sai an san nau'in cutar.

6.3 Riƙe Zaren Tafiya

Ita ce mutum guda da iyali ke da lambar wayarta. Takan tabbatar an haɗa gwaje-gwaje a rana ɗaya don kada a yi tafiya uku a inda ɗaya ta isa. Takan kira takwararta a Shika ko Sakkwato kafin a tashi, ta ji ko na'urar gashi na aiki da ranar da likita ke zama da kimanin abin da za a kashe. Idan sakamako ya fito, ita ke neman maras lafiya. Idan ranar dawowa ta wuce bai zo ba, ita ke tambayar dalili. Takan kuma haɗa iyali da ofishin jin daɗin jama'a na asibiti da hukumar zakka. Wannan na da muhimmanci domin Asusun Tallafa wa Masu Sankara na gwamnatin tarayya ya fara ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza.

6.4 Kulawa a Lokacin Magani

Maganin kemo yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, kuma raguwar ta fi tsanani tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an karɓa, wato daidai lokacin da maras lafiya ya koma ƙauye. Zazzaɓi a wannan tsakani na iya kisa cikin sa'o'i. A ƙasar da kowane zazzaɓi ake ɗaukarsa na cizon sauro, wannan babban tarko ne. Nas takan koya wa mai jinya amfani da ma'aunin zafin jiki, ta gargaɗe shi cewa idan ya kai 38 a nufi asibiti nan take, kada a tsaya kemis. Haka ma sabon ciwon baya tare da sanyin ƙafafu ko riƙewar fitsari, domin alama ce ta ƙarin ya danne lakar baya, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya jawo shanyewar ƙafafu. Takan kuma taimaka wa mai shan taba ya daina, domin dainawa na da amfani ko bayan an gano cutar.

6.5 Numfashi da Raɗaɗi

Yawancin masu wannan cuta za su ƙare kwanakinsu ne a gida, kuma abu biyu suka fi azabtar da su: ƙarancin numfashi da ciwo. Ga na farko akwai dabaru marasa tsada. Zama a karkace zuwa gaba tare da dogara hannuwa a kan matashi, fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki, da kaɗa iska a fuska, wanda mafici ma yana yi. Ana kuma kauce wa hayaƙin murhu da turaren wuta a ɗakin. Idan ruwa ne ya taru a ƙirji, nas ta san alamarsa, ta tura a zuƙe shi.

Ga ciwo kuwa, tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin hawa uku, daga farasitamol zuwa mofin. Ruwan mofin ana shan sa duk bayan awa huɗu bisa agogo, ba a jira sai ciwo ya taso, kuma ana haɗa shi da maganin sassauta ciki domin yana ƙulle bayan gida. Yana kuma rage jin shaƙewa. Matsalar shaye-shayen tiramadol da kodin, wadda ta kai gwamnati ga hana maganin tari mai kodin a 2018, ta sa iyalai da ma wasu ma'aikata suna tsoron duk wani magani mai ƙarfi. Aikin nas ne ta bambanta shaye-shaye da magani, ta koya wa mai jinya awo da adana kwalba inda yara da matasa ba za su kai ba, ta kuma riƙe lissafin abin da aka bayar.

6.6 Kula da Mai Jinya

Nauyin jinya yakan faɗa kan mata ko 'ya. Nas takan koya mata juya maras lafiya don kauce wa gyambon kwanciya, da tsabtace baki, da ba da kunu ko fura kaɗan-kaɗan ba tare da tilastawa ba. Takan kwantar da hankalin gida cewa sankara ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum kamar tarin fuka, don haka babu dalilin ware masa kwano ko hana jikoki shiga ɗakinsa. Idan maganar azumi ko alwala ta taso, takan bayyana halin jikin, ta bar wa malamai bayanin rangwamen da addini ya yi wa maras lafiya.

7.0 Daidaita Aikin da Halin Zamfara

Ba zai yiwu a kwafo tsarin Ingila yadda yake ba. A can nas guda na iya keɓanta ga sankarar huhu kaɗai. A nan ma'aikatan ba su wadata ba, kuma a farkon 2024 Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta bayyana cewa kimanin ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Abin da ya dace shi ne tsari mai hawa uku.

A Gusau a samu ƙwararrun nas kaɗan masu horo a kan sankara da sauƙaƙa raɗaɗi, su zama cibiya kuma mahaɗa da asibitocin koyarwa. A manyan asibitocin Tsafe da Bunguɗu a ƙara wa nas ɗin da ke kula da masu tarin fuka horo na gajeren lokaci a kan alamomin da aka ambata. A Kucheri da Bilbis da Ɗanjibga da Keta kuwa, jami'an lafiya na matakin farko su zama ido da ƙafa, su ne masu ziyartar gida. Tubalan wannan gini suna nan: akwai kwalejin koyon aikin jinya a Gusau, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya a Tsafe kanta, kuma tun 2014 Nijeriya ke da manufar raba ayyukan lafiya ga ƙananan ma'aikata inda manya suka yi ƙaranci. Cibiyar Binciken Sankara da Maganinta ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2023, na iya tsara horon.

Abu biyu ne za su iya rusa tsarin idan ba a kula ba. Na farko, dogaro da waya kaɗai. Rufe layukan sadarwa da aka yi a jihar a watan Satumba na 2021 ya nuna cewa waya na iya yankewa na makonni. Don haka kowane maras lafiya ya riƙe ɗan littafi mai ɗauke da sunan cutarsa da magungunansa da alamomin haɗari, da Hausar boko ko ajami. Na biyu, horo ba tare da magani ba. Nas da ta san amfanin mofin amma ba ta da shi a ma'ajiya, kallon wahala kawai za ta yi. Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar a 2014 cewa sauƙaƙa raɗaɗi wani ɓangare ne na kiwon lafiya a kowane mataki, kuma cika wannan alkawari a Tsafe yana nufin kwalbar ta iso Tsafe.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa mai sankarar huhu a yankin Kucheri yana fuskantar haɗari biyu: a ɗauki cutarsa a matsayin tarin fuka har lokaci ya ƙure, sannan a dawo da shi gida ya ƙare kwanakinsa cikin ciwon da ake da maganinsa. Ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya tana tsaye ne a bakin waɗannan ƙofofi biyu, tana kuma riƙe da zaren da ya haɗa su. Na'urar gashi na cin biliyoyin naira da shekarun gini, horar da nas kuwa watanni ne, kuma ita ce ke sa a isa ga na'urar a kan lokaci. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita da mai gwaji da iyali duk suna riƙe da gefensu, abin da ya rage shi ne a samu mai daidaita ɗaukar. Matakin farko bai fi ƙarfin kowane babban asibiti a jihar ba: a buɗe rajistar masu tarin fuka, a ware sunan duk wanda ya wata biyu yana shan magani bai murmure ba, a ba wata nas alhakin bin sawunsa.